Filin Kimiyya Da Sana'a: Daga Facin Taya Zuwa Facin Babbar Kwamfuta

Duk wanda ya bi Titin Bosso a Minna da hantsi, ya doshi ƙofar Jami'ar Fasaha ta Tarayya, ba zai rasa ganin masu faci a gefen hanya ba, kowanne da injin iskarsa da bahon ruwansa da tulin tsofaffin tayoyi. In aka kawo wa mai faci tayar babur wadda ta sace, ba ya garajen shafa sholisho. Sai ya zaro robar ciki, ya hura mata iska, ya tsoma ta cikin ruwa yana juyawa sannu a hankali har ya ga inda kumfa ke fita. Sa'an nan ya goge wurin, ya kankare shi, ya manna ƙyallen roba, ya danne. Bayan wannan kuma ba zai mayar da ita ba sai ya sake hura ta, ya sake tsoma ta cikin ruwa, domin ya tabbata babu sauran wata kafa. Kafin ya rufe kuwa, sai ya shafa cikin tayar da hannunsa, ya nemo ƙusar da ta jawo ɓarnar, don kada ta sake hudawa.

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na wannan jami'a suna wuce masu facin nan kullum, wataƙila ba tare da sun lura cewa sana'arsu ɗaya ba ce. Kalmar faci ma kanta aro ce daga Turanci, kuma ita ce dai kalmar da injiniyoyi ke kiran gyaran manhajar kwamfuta da ita. Asalin abin shi ne, a zamanin da ake rubuta umarnin kwamfuta ta hanyar huda ramuka a jikin kati ko doguwar takarda, in an yi kuskure sai a manne ramin da guntun takarda, a huda wani a inda ya dace. Katin ya daɗe da bacewa, amma sunan ya zauna. Ladubban aikin ma suna nan yadda mai facin taya ya san su, watau a gano ainihin kafar, a gyara, a gwada kafin a ɗora, a kuma kawar da abin da ya jawo ta. Babu inda aka ɗauki waɗannan ladubba da muhimmanci kamar wajen masu kula da manyan kwamfutoci na bankuna da hukumomi.

GIDA ƊAYA, 'YAN HAYA DA YAWA

Babbar kwamfutar da ake nufi a nan ita ce irin wadda kamfanin IBM na Amurka ya shahara da ƙerawa. A ran 7 ga watan Afrilu na 1964 kamfanin ya bayyana jerin injunansa masu suna System/360, kuma jikokinsu ne har yanzu suke riƙe da lissafin manyan bankuna da kamfanonin inshora da na jiragen sama a ƙasashe da dama. A wancan zamani injin guda yakan ci ɗaki sukutum, kuɗinsa kuwa sai gwamnati ko babban kamfani. Saboda haka masana suka shiga tunanin yadda mutane da yawa za su yi aiki da inji ɗaya a lokaci guda ba tare da sun shiga gonar juna ba.

Wasu ma'aikatan IBM a cibiyar bincikensa ta garin Kambrij da ke jihar Masacusets, cikinsu har da Robert Creasy da Les Comeau, su suka fito da dabarar. Suka rubuta wata manhaja mai suna CP-40, wadda ta fara aiki sosai a watan Janairun 1967. Aikinta shi ne ta zauna a kan injin kamar maigida, ta yanka ƙwaƙwalwarsa da lokacinsa da ma'ajiyarsa kashi-kashi, ta ba kowane ma'aikaci nasa kason, har ya riƙa ganin kamar shi kaɗai ke da kwamfutar. Ta haka inji ɗaya ya zama tamkar injuna 14. Kowane kaso shi ake kira kwamfutar kwaikwayo, domin ba ta da jikin kanta, amma tana yin duk abin da ta gaske ke yi. Daga CP-40 aka sami CP-67, daga nan aka sami VM/370 wadda aka bayyana a ran 2 ga watan Agusta na 1972. Zuriyar ba ta yanke ba, don kuwa tun shekarar 2000 ake kiranta z/VM, kuma fitowa ta 7.4 ta zo ne a 2024. A yau inji guda yana iya ɗaukar ɗaruruwan kwamfutocin kwaikwayo, wani lokaci har dubbai, yawancinsu masu aiki da Linux.

Mutumin Bosso ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan tsari, domin unguwar cike take da gidajen hayar ɗalibai. Gida ɗaya ne, kowane ɗan haya da ɗakinsa da makullinsa. In fitilar ɗaki guda ta mutu, mai ɗakin kaɗai ke kwana cikin duhu. Amma in harsashin ginin ya tsage, ko rufin ya fara yoyo, ko babbar wayar da ke kawo wuta ta ƙone, to, babu wanda zai tsira. Ribar wannan tsari ita ce arha da sauƙin sarrafawa. Haɗarinsa kuwa shi ne an tara ƙwai duka cikin kwando guda. Dalili ke nan da ya sa facin manhajar da ke matsayin maigida ya fi kowane faci nauyi, domin kuskure ɗaya a wurinta yana iya tsayar da albashi da ajiyar banki da rajistar ɗalibai duk a dare ɗaya.

YADDA MASU ABIN SUKE YI

Cikin shekaru fiye da 50 masu kula da wannan manhaja sun gina wata hanya wadda ba sa tsallake mataki ko ɗaya a cikinta. In wani ma'aikaci a ko'ina cikin duniya ya ci karo da kuskure, sai ya kai rahoto ga kamfanin. In an tabbatar laifin manhajar ne, sai a buɗe masa takarda mai lamba wadda ake kira APAR, a bayyana alamomin cutar a ciki. Maganin da aka haɗa domin wannan takarda shi ake kira PTF, shi ma da tasa lambar, tare da bayanin waɗanne gyare-gyare ne tilas su riga shi shiga. Lokaci-lokaci kuma kamfanin yakan tattara gyare-gyaren da ya ga sun wajaba a kan kowa, ya ɗaure su ƙunshi guda mai suna RSU. Akwai wata manhaja, VMSES/E, wadda aikinta shi ne riƙe littafin abin da aka sa da abin da ba a sa ba, ta yadda ba za a ɗora jinka a kan bangon da bai bushe ba.

Abin lura a nan shi ne, saka gyara mataki biyu ne, ba ɗaya ba. Umarni na farko, wanda ake kira SERVICE, yana haɗa gyaran ne a wasu faya-fayai na gwaji, ba ya taɓa abin da jama'a ke aiki da shi. Sai an gamsu sa'an nan a ba da umarni na biyu, PUT2PROD, wanda ke kai gyaran fagen aiki. Tsakanin matakan nan biyu akwai wata dabara mai ban sha'awa. Tun da manhajar tana iya ƙirƙiro kwamfutar kwaikwayo, to, ana iya ɗora ita kanta a cikin ɗaya daga cikinsu, watau maigida ya shiga ɗakin haya ya zama ɗan haya. A can ake sa sabon faci, a matsa masa, a kashe a kunna, a ga ko zai yi kumfa. In ya rushe, ɗaki ɗaya ne ya rushe, gidan yana nan. Wannan shi ne bahon ruwan mai faci.

Ko bayan an gwada, ba a jefar da tsohon kwafi. Ana ajiye shi kusa, domin in sabon ya ƙi tashi a iya kunna injin da tsohon cikin 'yan mintuna. Ana zaɓar lokacin da aiki ya yi sauƙi, galibi tsakar daren ƙarshen mako, a sanar da masu hulɗa tun da wuri, a kuma rubuta kowane mataki da sunan wanda ya yi shi. A da, tilas ne a kashe kowa da kowa kafin a sake kunna maigida. Amma daga watan Disamba na 2011, da fitowa ta 6.2, aka sami damar haɗa tsari har guda huɗu su zama kamar gida ɗaya, a kwashe 'yan hayar Linux daga wannan a kai wancan suna cikin aikinsu, a yi wa wanda aka bari fanko faci, sa'an nan a dawo da su. A 2022 aka ƙara adadin zuwa takwas. Ta haka ake gyara tushen banki alhali mai cire kuɗi a bakin titi bai ji ko gezau ba.

HANYOYI UKU NA FAƊAWA RAMI

Mai karatu zai iya cewa wannan ƙa'ida ta yi yawa. Tarihi ya nuna abin da ke biyo bayan tsallake ta, kuma hanyoyin ɓarnar uku ne.

Ta farko ita ce jinkiri. A ran 14 ga watan Maris na 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da facin wata kafa da ke cikin Windows. Hukumomi da yawa suka yi biris. A ran 12 ga watan Mayu na shekarar wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wannan kafa, ta kulle na'urori a ƙasashe kimanin 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati suka soke ganin likita da aikin tiyata kimanin 19,000. Magani ya yi wata biyu yana jira a kan tebur. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta biyu ita ce gaggawa, kuma wannan ta taɓa faɗa wa babbar kwamfuta kai tsaye. A watan Yunin 2012 ma'aikatan rukunin bankin RBS na Birtaniya suka sabunta manhajar da ke tsara lissafin dare, watau aikin shigar da albashi da biyan kuɗi cikin asusun jama'a kafin gari ya waye. Da suka ga sabuwar tana tangarɗa, sai suka cire ta domin su koma tsohuwar, ba su san cewa biyun ba sa jituwa ba, domin ba a gwada wannan hanyar komawa yadda ya kamata ba. Lissafi ya cushe. Mutane fiye da miliyan 6.5 na bankunan RBS da NatWest da Ulster suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, wasunsu har makonni, ga kuɗi a asusu amma babu halin taɓawa. A watan Nuwamban 2014 hukumomin kula da harkar kuɗi na ƙasar suka ci bankunan tarar fam miliyan 56. Irin haka ta sake faruwa a ran 19 ga watan Yuli na 2024, sa'ad da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa wani gyara mai kuskure a lokaci guda, na'urori kimanin miliyan 8.5 suka tsaya, jiragen sama suka kasa tashi. Garin neman gira aka rasa ido.

Ta uku ita ce rabin aiki, kuma misalinta a gida yake. A ran 14 ga watan Mayu na 2025 Magatakardan Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida a Bwari ya amsa cewa an sami kuskure a jarrabawar shekarar. Bisa bayanin hukumar, an yi wa manhajar jarrabawar wani gyara, amma gyaran bai shiga yadda ya kamata a kwamfutocin wasu cibiyoyi ba. Abin ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka kuma sake musu jarrabawa daga ran 16 ga watan. Magatakardan ya ɗauki alhakin abin a bainar jama'a, har da hawaye, kuma wannan halin dattako ne da ba a saba gani ba. Kwamfutocin da abin ya shafa ba irin manyan na IBM ba ne, amma cutar ita ce dai wadda aka ƙirƙiro littafin gyara domin maganinta, watau a san wane inji ne ya sami faci, wane ne bai samu ba. Wanda ya yi wa taya uku iska ya manta ta huɗu, bai gama shirin tafiya ba.

ABIN DA YA SHAFI MINNA

Wannan zance ya fi kusa da Minna fiye da yawancin biranen ƙasar nan. A nan ne hedkwatar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, NECO, wadda aka kafa a watan Afrilun 1999 zamanin mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, kuma a kowace shekara sakamakon ɗalibai fiye da miliyan ɗaya yana bi ta cikin kwamfutocinta. A nan ne kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda ta fara aiki a 1983 a gine-ginen tsohuwar Kwalejin Horon Malamai ta Gwamnati da ke Bosso, ƙarƙashin shugabanta na farko Farfesa Jonathan Ndagi, kafin daga baya ta gina babban mazauninta a Gidan Kwano kan hanyar Bida. Jami'ar tana da makaranta guda ta fasahar sadarwa, har da sashen koyar da tsaron kwamfuta. Yaran da take yayewa su ne za su riƙe makullan bankuna da hukumomin ƙasar nan gobe. Dabarar raba inji ɗaya zuwa kwamfutocin kwaikwayo kuwa ta daɗe da fita daga hannun IBM kaɗai. Kamfanin VMware da aka kafa a 1998 ya kawo ta kan ƙananan injuna, Linux ma ta sami irin tata mai suna KVM a 2007, har ya zama da wuya a sami babbar ma'ajiyar bayanai a yau wadda ba bisa wannan tsari take ba. Saboda haka duk inda ɗalibin Bosso ya sami aiki, zai tarar da gidan haya yana jiran mai kula.

Akwai wani darasi kuma cikin tarihin VM game da mutane. A farkon zamaninta IBM yana ba abokan cinikinsa ainihin rubutun manhajar, kowa ya karanta. Ma'aikatan jami'o'i da kamfanoni suka ƙware a cikinta, suna gano kuskure da kansu, suna rubuta faci, suna musayarsa ta ƙungiyar SHARE wadda aka kafa tun 1955. A 1983, shekarar da aka buɗe jami'ar Bosso, kamfanin ya sauya manufa, ya fara rufe rubutun manhajojinsa, masu amfani da VM kuwa suka yi ta ƙorafi shekara da shekaru, domin sun san cewa wanda bai ga cikin inji ba, ba zai iya gyara shi ba. Abin farin ciki shi ne ƙofar koyo ba ta rufe duka ba. Akwai manhajar kyauta mai suna Hercules, wadda Roger Bowler ya fara a 1999, mai sa ƙaramar kwamfutar hannu ta kwaikwayi babbar ta IBM, kuma ana iya ɗora tsohuwar VM/370 a kanta ba da ko kwabo ba. Ɗalibi yana zaune a ɗakinsa na haya a Bosso zai iya kunna ta, ya sa mata faci, ya rusa ta, ya sake tayar da ita, har hannunsa ya faɗa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Cutar da ta daɗe tana damun ma'aikatun ƙasar nan ita ce son sabo da ƙin kula da tsoho. Ranar da aka sayo inji akan gayyaci manyan baƙi, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Ranar da aka yi masa faci lafiya kuwa babu wanda ya sani, domin alamar nasarar wannan aiki ita ce kada a ji komai. Saboda haka shi ne abu na farko da ake yanke wa kuɗi in kasafi ya matse. Magabata ba haka suka yi da gidajen ƙasa ba. Tun da rani ake kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a gyara indararo, ba a jira sai hadari ya haɗo.

Ya kamata kowace hukuma mai riƙe da bayanan jama'a ta ware kuɗin kula tun ranar da ta ware kuɗin saye, kuma kada ta sa hannu a kwangilar da babu sharaɗin horar da ma'aikatanta a ciki. Ya kamata ta mallaki wurin gwaji dabam da wurin aiki, kada a sa wani gyara sai ya bi ta can, kuma a gwada hanyar komawa baya kamar yadda aka gwada ta zuwa gaba. Ya kamata a riƙe littafi mai nuna kowane inji da lambar facin da ke kansa, mutum biyu su duba su sa hannu, musamman in akwai cibiyoyi a warwatse cikin jihohi. Kada a taɓa manhaja ana gobe jarrabawa ko ana gobe biyan albashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da yake wutar lantarki ba ta da tabbas, ko a jihar da ke da madatsun ruwa na Kainji da Shiroro, kada a fara faci sai an tabbatar da janareta da batura, don ɗaukewar wuta a tsakiyar gyara ta fi rashin gyaran muni. Jami'o'i kuma, ta Minna a kan gaba, ya kamata su ba darasin kula da manhaja matsayin da suke ba darasin rubuta sabuwa, su riƙa jarraba ɗalibi a kan tayar da injin da ya faɗi, ba a kan takarda kaɗai ba.

Daga ƙarshe, shugabanni su san darajar ma'aikacin da ke kwana a ɗakin inji ran Asabar da dare. Sau da yawa sanin sirrin tsarin duka yana cikin kan mutum ɗaya ko biyu, in sun yi ritaya ko sun sami aiki a waje sai a wayi gari babu mai iya taɓa komai. Tilas a sa su rubuta abin da suka sani, a kuma haɗa su da matasa masu koyo tun suna nan.

Mai facin Titin Bosso ya san cewa in ya yi ha'inci, mai babur ne zai faɗi a hanyar Maikunkele, kuma gobe zai dawo ya same shi. Mai facin babbar kwamfuta ba ya ganin fuskar waɗanda suka hau tayarsa, amma suna nan, daga ɗan fansho mai jiran kuɗinsa har yarinyar da ta kwana uku ba barci tana jiran sakamakon jarrabawa. Amanarsu ce a hannunsa, da hannun wanda ke sa hannu a kasafin kuɗinsa. Allah ya sa a gane, a kuma gyara tun da sauran rani.